Tambaya a kan ma'anar Kirsimeti da addu'ar yau da kullum

Ɗanladi, Samaru:

Salama a gare ku, iyayena da yayyena a cikin Ubangiji. Ina fatan kowa yana lafiya, da iyali, da sanyin hunturun da ya fara shigowa. Ni malamin sakandare ne a nan Samaru, kuma magidanci mai ƙananan yara. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, na ga ya fi kyau in kawo shi gaban manya tun watan Disamba bai yi nisa ba.

Kowace shekara idan Kirsimeti ta gabato, hankalina yakan tafi ga kuɗin shinkafa da kaji, da ɗinkin yara da tela ya riƙe, da kuɗin motar zuwa gida. Ranar 25 ga wata mu je sujada, mu yi waƙa, mu ba da baiko, mu dawo mu raba abinci ga maƙwabta, kashegari kuma rayuwa ta koma yadda take. Ban ce waɗannan abubuwa laifi ba ne, amma idan ɗana ya tambaye ni abin da haihuwar Almasihu ta canza a zamanmu na ranar Talata ko ta Alhamis, amsar da ke bakina gajeruwa ce ƙwarai. Ga shi kuma wani abokin aikina, wanda shi ma Kirista ne, yana cewa tun da Littafi Mai Tsarki bai ambaci 25 ga Disamba ba, bikin gaba ɗaya al'adar mutane ce kawai.

Tambayata kashi biyu ce. Mene ne ainihin ma'anar Kirsimeti ga ruhun mai bi? Sannan ta yaya wannan ma'ana za ta shiga cikin addu'ar da mutum yake yi kowace rana, har ta kai shi watan Yuni da na Satumba, lokacin da babu mai maganar Baitalami?

Baba Ishaya, Wusasa:

Ɗana Ɗanladi, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Bari in fara sallamar abokin aikinka, domin maganarsa ba ta da wuyar amsawa. Gaskiya ya faɗa cewa Matiyu da Luka, waɗanda su ne suka ba da labarin haihuwar, ba su rubuta rana ko wata ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita game da kiyaye 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Roma, a shekara ta 336. Masana tarihi sun kasu a kan dalilin zaɓen ranar: wasu suna danganta ta da bikin rana da Romawa suke yi a wannan lokaci na shekara, wasu kuma suna cewa an ƙirga wata tara ne daga 25 ga Maris, ranar da ikilisiya take tunawa da albishirin da mala'ika Jibra'ilu ya kai wa Maryamu. Har yau ma ba dukan Kiristoci ke yin bikin rana ɗaya ba, domin Kibɗawan Masar da 'yan'uwanmu na Habasha suna yin nasu ranar 7 ga Janairu, Armeniyawa kuma ranar 6. Bangaskiyarmu ba ta rataya ga kalanda ba. Abin da muke shaidawa shi ne an haife shi, a cikin wata ƙasa da aka sani, a zamanin wani sarki da aka san sunansa.

Ma'anar kuwa tana cikin Yahaya 1:14, inda aka ce Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Ina so ka lura da irin zaman da ya zaɓa. Luka ya nuna mana cewa da aka kai jaririn Haikali bayan kwana arba'in, hadayar da Yusufu da Maryamu suka miƙa ita ce kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Idan ka buɗe Littafin Firistoci 12:8 za ka tarar wannan ita ce hadayar da Shari'a ta yardar wa macen da ba ta da halin sayen ɗan rago. Ashe gidan da Ubangiji ya shiga gida ne da ake lissafin kuɗi kafin a je kasuwa, kamar naka. Bayan haka ya yi kusan shekara talatin a Nazarat, Linjila ba ta ba mu labarin komai a cikinsu ba sai zuwansa Urushalima yana ɗan shekara goma sha biyu. Yawancin kwanakin Ɗan Allah a duniya ranakun Talata da Alhamis ne irin waɗanda kake magana a kansu, na aiki da gajiya da cin abinci da kwanciya barci. Wannan ne ya sa marubucin Ibraniyawa, a sura ta 4, ya ce Babban Firist ɗinmu ya san kasawarmu domin an gwada shi ta kowace hanya kamar mu, sai dai bai yi zunubi ba, kuma daga wannan magana kai tsaye ya wuce ga cewa mu matso kusa da kursiyin alheri gaba gaɗi. Ka ga inda haihuwar ta haɗu da addu'a. Muna da bakin yin magana da Allah a kan kuɗin makaranta da zazzaɓin yaro ne domin wanda muke roƙo a cikin sunansa ya taɓa zama ɗa a gidan talaka.

Game da kashi na biyu na tambayarka, magabata sun riga sun yi mana aikin, mu ne muka bar shi a cikin akwati. A cikin surori biyu na farkon Luka akwai waƙoƙi huɗu: ta Maryamu, ta Zakariya mahaifin Yahaya Maibaftisma, ta mala'iku a gaban makiyaya, da ta tsoho Saminu a Haikali. Tun ƙarnonin farko ikilisiya ta ɗauki waɗannan waƙoƙi ta rarraba su cikin yini. Sa'ad da Akbishop Cranmer ya tsara littafin addu'a na Ingila a 1549, ya tattara lokutan addu'a masu yawa na masu zaman zuhudu ya mai da su biyu, safe da yamma, domin manomi da ɗan kasuwa su iya bi. A addu'ar safe ya sa waƙar Zakariya, wadda take maganar ketowar alfijir daga sama ga mazauna duhu. A ta yamma ya sa waƙar Maryamu, sannan ta Saminu, wanda ya riƙe jaririn ya ce yanzu bawan Ubangiji zai iya tafiya lafiya tun da idanunsa sun ga ceto. Duk wanda ya bi wannan tsari yana furta maganar Kirsimeti sau uku a kowace rana ta shekara, ko da damina ce ko da bazara.

Mu da muka tashi a Wusasa, cikin harshen Hausa muka tarar da wannan tsari. Likita Miller, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, aka mai da mishan ɗin zuwa Wusasa a 1929, shekarar da aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausawa, wadda take tsaye har yau, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Iyayenmu da yawa ba su yi karatu mai zurfi ba, amma waƙar Maryamu tana kansu, domin sun maimaita ta har ta zauna. Shawarata ita ce ka buɗe Luka 1:68 zuwa 79 da safe, Luka 1:46 zuwa 55 da yamma, Luka 2:29 zuwa 32 kafin barci, kowanne ka bi shi da Addu'ar Ubangiji da roƙonka na ranar. Duka ba za su ci maka minti goma sha biyar ba.

Mama Rifkatu, Sabon Gari:

Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ɗanladi ɗana, ni ba ni da ilimin tarihi irin na Baba, amma zan gaya maka yadda ake yi a gida mai yara, domin a nan ne yawancin niyyoyi masu kyau suke mutuwa.

A gidana ƙarfe biyar da rabi ake tashi. Ba ma bukatar agogo, domin ladanin masallacin unguwarmu ya riga ya tashe mu, kuma na sha gaya wa 'yan'uwana a Zumuntar Mata cewa maƙwabcin da yake fita alwala cikin wannan sanyi ya isa ya sa Kirista ya ji kunyar bargo. Nakan ɗora ruwan wanka a wuta tukuna, sannan mu taru a falo, ƙananan suna naɗe cikin zani, ɗaya yana gyangyaɗi a jikina. Mukan yi waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, baiti biyu kawai, wanda ya iya karatu a cikin yaran ya karanta ayoyi kaɗan, in tambaye su abin da suka ji, sannan kowa ya faɗi sunan mutum ɗaya da za a yi wa addu'a. Kafin ruwan ya tafasa mun gama. Idan ka tsawaita, yara za su tsani lokacin, kuma uban gida da yake mai da addu'ar safe wa'azi ko wurin yi wa yara faɗa yana rushe abin da yake ginawa da hannunsa.

A watan Disamba abin da nake canzawa kaɗan ne. Makonni huɗu kafin Kirsimeti mukan karanta annabce-annabce, Ishaya sura ta 7 da ta 9 da ta 40, da Mika sura ta 5, sannan mu shiga Luka da Matiyu sannu a hankali. Abincin da za a kai wa maƙwabta kuma ba na barin a fita da shi haka kawai. Kafin a rufe kwanukan, yaran sukan faɗi gidan da kowane kwano zai je, mu yi wa mutanen gidan addu'a da sunansu, Musulmi da Kirista, har da wadda muka yi cacar baki da ita a bakin famfo. Sunayen nan nakan rubuta su a bayan littafin waƙoƙina, su ne muke ci gaba da ambata har shekara ta zagayo. Idan kana neman hanyar da Kirsimeti za ta kai ka watan Yuni, wannan ita ce wadda na sani.

Kada kuma ka ci bashi domin ɗinki. Wannan ba ya cikin tambayarka, amma na faɗa.

Yohanna, Tudun Wada:

Ina gaida Baba da Mama, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri idan na saɓa kaɗan. Abin da nake tsoro game da tsarin da Baba ya kawo shi ne ya zama haddar baki. Ubangiji da kansa, a Matiyu sura ta 6, ya hana mu maimaita kalmomi barkatai kamar waɗanda suke zaton yawan maganarsu ne zai sa a ji su, ya kuma ce mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. Bulus ya ce wa Tasalonikawa su yi addu'a ba fasawa, bai yanka musu safe da yamma ba. Na ga mutanen da suke iya karanta addu'o'in littafi daga farko har ƙarshe idanunsu a kan wayar salula, kuma na ga tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba amma idan ta buɗe baki a gaban Allah sai jikin mutum ya yi sanyi. A ganina ma'anar Kirsimeti ita ce Allah ya kawar da duk wani shamaki tsakaninsa da mu, saboda haka mutum ya yi magana da Ubansa da kalmomin zuciyarsa, a kan babur ko a cikin aji ko a gona, duk lokacin da Ruhu ya motsa shi. Idan muka sake kafa sa'o'i da rubutattun kalmomi, ina gudun kada mu koma ga abin da aka 'yantar da mu daga gare shi.

Malama Sisiliya, Kongo:

Ɗan'uwa Yohanna, haɗarin da ka ambata gaskiya ne, kuma babu ɗarikar da ta tsira daga gare shi, domin addu'ar da ba a rubuta ba ita ma tana zama hadda. Duk wanda ya daɗe yana zuwa taron addu'a ya san kalmomin da wasu 'yan'uwa za su faɗa tun kafin su buɗe baki. Amma ban yarda cewa tsayayyen lokaci ya saɓa wa Linjila ba. Daniyel yana durƙusawa sau uku a rana tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, kuma dokar sarki ba ta sa ya fasa ba. Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. A Ayyukan Manzanni sura ta 3, bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus da Yahaya suna kan hanyar Haikali ne a lokacin addu'a, wajen ƙarfe uku na yamma, sa'ad da suka warkar da gurgun nan, a sura ta 10 kuma Bitrus ya hau soro yin addu'a da tsakar rana. Akwai wani ɗan littafin koyarwa na Kiristocin farko, da ake kira Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, wanda ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Shi Ubangiji kansa a Gatsemani ya yi addu'a sau uku yana maimaita magana ɗaya, a kan gicciye kuma kalmomin Zabura ta 22 da ta 31 ne suka fito daga bakinsa. Abin da ya hana shi ne maganar banza da neman a gani, bai hana maimaici ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar Katolika. Muna da wata gajeriyar addu'a da muke kira Anjelus, wadda ake yi ƙarfe shida na safe, sha biyu na rana, da shida na yamma, a wurare da yawa ma ana kaɗa mata ƙararrawa. Abin da ke cikinta shi ne albishirin mala'ika, da amsar Maryamu cewa ita baiwar Ubangiji ce, da ayar nan ta Yahaya da Baba ya kawo. Na san 'yan'uwa na wasu ɗariku ba za su yi gaisuwar Maryamu da ke tsakanin ayoyin ba, ban kuma zo jayayya a kan wannan ba, amma ayoyin uku na kowa ne. A ranar da aka kwana a kan mara lafiya kuma aka rasa shi da asuba, Ruhu ba ya motsa ni in ce komai, zuciyata a bushe take, kuma da zan jira sai na ji daɗin yin addu'a da zan yi makonni ban yi ba. A irin wannan rana kalmomin da na haddace su ne suke riƙe ni. Tsari kamar sandar da ake kafa wa doya ne, ba ita ce take yin tsiro ba, amma in babu ita ganyen a ƙasa yake yaɗuwa. Maganar zuciya da kake so tana da wurinta, kuma na tarar ta fi zuwa mini bayan na fara da abin da aka koya mini.

Ɗanladi, Samaru:

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da yayyena biyu. Na ɗauki karatun Luka da Baba ya tsara, da sunayen maƙwabta irin na Mama. Saura abu guda. A cikin ikilisiyarmu akwai iyalan da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, akwai kuma waɗanda aka ɗauke musu mutum har yanzu ba labari. Idan na tsaya a gabansu ina rera waƙar mala'iku ta salama a duniya, sai in ji nauyi a bakina. Me mutum zai ce wa Allah a Kirsimeti a madadin irin waɗannan?

Baba Ishaya, Wusasa:

Ɗana, nauyin da kake ji daidai ne, kada ka yi ƙoƙarin kawar da shi. Mu ne muke yanke labarin a wurin makiyaya da masanan da suka zo daga gabas, amma Matiyu bai tsaya a nan ba. A sura ta 2 Hirudus ya aika aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami da kewayenta daga mai shekara biyu zuwa ƙasa, Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka gudu Masar, kuma marubucin ya kawo maganar annabi Irmiya game da Rahila da take kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa domin ba su. Saminun nan da muke rera waƙarsa da dare shi ne ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Kalandar ikilisiya ma ba ta ɓoye wannan ba, domin kashegarin Kirsimeti, 26 ga wata, ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jajjefe shi da duwatsu, ranar 28 kuma ta 'yan yaran Baitalami ce. Iyalan da kake magana a kansu suna cikin labarin tun asali, kuma Ubangijin da suke kira ya taɓa zama ɗan gudun hijira a hannun iyayensa.

Saboda haka kada ka tilasta musu murna, kada kuma ka yi musu alkawarin da Allah bai ba ka ba, irin na cewa kafin sabuwar shekara za a sako mutuminsu. Ka karanta Zabura ta 13 tare da su, wadda take tambayar Ubangiji har yaushe, da ta 10, da ta 121 ga wanda yake hannun mutane a daji. Idan kalmomi sun ƙare, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa, saboda haka zama shiru tare da su ma addu'a ce. Ka tambayi sunan wanda aka ɗauke, ka sa shi cikin addu'ar safe ta gidanka, ka kuma gaya wa iyalinsa cewa ana ambatonsa kowace rana da ƙarfe kaza, domin wannan ya fi musu amfani a kan a ce musu ana tunawa da su. Sannan ka yi magana da fastonku da dattawa tun yanzu a ware wani kashi na baikon Kirsimeti a saya musu masara da barguna, a kai musu gida a asirce kafin ranar 25, kada a kira su gaban jama'a a miƙa musu ana ɗaukar hoto.